Issoufou Mai Kifa Tukunya

A takardar iƙama, wato izinin zama a Saudiyya, sunansa Yusuf, amma a Tasawa, inda aka binne cibiyarsa, Issoufou ake ce masa, kuma har yau wannan sunan ne yake sa shi waiwaye da sauri. Dogo ne, siriri, mai ɗan ranƙwafawa kamar wanda kullum yake leƙen wani abu a ƙasa. Mahaifinsa tela ne a bakin kasuwa, ya so ɗan ya gaje shi. Tun yana shekara goma aka gane ba za ta yiwu ba, ranar da ya kwakkwance keken ɗinkin don ya ga abin da ke sa zaren ƙasa ya kama na sama. Ya gani kuwa, mayarwar ce ta gagara. Da ya tasa sai aka kai shi Maraɗi wajen wani mai gyaran firigo, abin da mutanen Najeriya ke kira firij.

A can ya koyi waldar bututun tagulla, ya koyi gano yoyo da kumfar sabulu, ya kuma koyi ɗora tafin hannu a kan bututu ya faɗi ko gas ya isa ko da saura. Wannan hannun shi ne jarinsa. Yana da wata ɗabi'a da maigidansa ya yi faɗa a kanta har ya gaji: duk abin da ya mutu aka cire za a yar, sai Issoufou ya sa zarto ya raba shi biyu ya ga cikinsa. Ya auri Mariamou, Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu, sannan a shekarar 2005 wani ɗan garinsu ya sama masa bizar aiki a Riyad.

Riyad gari ne da mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ba ya zaman banza. Mukayyif suke ce mata a can, kuma idan ta tsaya a watan Yuli, mai gida ba ya jiran gobe. Kamfanin kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a biza, yana da warsha, wurin gyare-gyare, a Birnin Masana'antu na Biyu, shi kuma ya kama ɗaki a Shumaisi tare da Oumarou, mutumin Damagaram, direban bas mai jigilar ɗaliban wata jami'a. Kullum da sassafe motar kamfani ta kwashe su ta yi kudu, da la'asar sakaliya ta dawo da su.

Shekara takwas ya yi yana aiki da gas iri ɗaya, mai zuwa a koriyar tukunya, wanda kowa ke kira ashirin da biyu saboda lambar da ke jikinsa. Ya san shi ciki da waje. Ko da yake gas ake cewa, in ka girgiza tukunyar za ka ji ruwa yana motsi a ƙasa, tururinsa kuma yana sama. Ka tsayar da tukunya, ka ɗaura tiyo, ka haɗa agogon awo mai allura, ka buɗe bawul, injin ya riƙa zuƙar tururin nan har ya ƙoshi. Ba a kifa tukunya, don in ruwan ya afka wa kwampireso, wato zuciyar injin mai matsa gas, kai tsaye yana iya fasa shi. Wannan darasi tun a Maraɗi ya shiga kansa.

A farkon zafin 2013 aka tura shi wani kamfanin shirya dabino. Suna da mukayyif huɗu iri ɗaya a ɗakin ajiya, an sauya musu bututu, ana so a ɗura gas. Mai kula da warsha, wani Bamisire mai yawan sauri da ake kira Muhandis Kamil, wato injiniya, ya nuna masa wata tukunya mai ruwan ƙasa wadda bai taɓa aiki da irinta ba, lambarta ɗari huɗu da bakwai.

"Ɗaya za ta ishe su duka huɗun," in ji Muhandis, waya a kunne. "Yalla, ya Yusuf."

Issoufou ya hau rufi ya yi yadda ya saba. Ya tsayar da tukunya a rana, ya ɗura wa na farko, ya koma na biyu. Kashegari ya ƙarasa na uku da na huɗu, tukunya ta zama fanko. Bayan kwana biyu masu dabino suka bugo waya. Na farko yana yankewa da tsakar rana, na huɗu kuma iskarsa ba ta da wani sanyin kirki.

Ya koma ya haɗa agogo. A na farko allura ta haura fiye da kima, kwampireso ya yi zafi har ba ya taɓuwa. A na huɗu kuwa allurar ta yi ƙasa, kamar injin da bai ƙoshi ba, alhali shi da kansa ya auna abin da ya ba shi. Ya bi layi da kumfar sabulu, babu yoyo. Ya wanke raga, ya duba fanka. Ya tsaya a kan rufin yana kallon injinan nan huɗu. Kamfani ɗaya ya ƙera su, tukunya ɗaya suka sha, hannu ɗaya ya ba su. To me ya raba su?

Da ya kai labari warsha, Muhandis Kamil bai ko ɗaga kai daga takardunsa ba.

"A tsaye ka ɗura ko a kife?"

"A tsaye mana, Muhandis. Wa zai kifa tukunya?"

Sai a lokacin Muhandis ya dube shi, ya dafa goshi, ya ce laifin nasa ne shi da bai faɗa masa ba. Ya jawo wata sabuwar tukunya mai ruwan ƙasa ya nuna masa wani rubutun Turanci da kibiya a jikinta. Issoufou yana karanta Larabci, yana taɓa Faransanci kaɗan, amma Turanci sai dai lamba.

"Wannan ba irin koriyar ba ce. Haɗi ce. Ruwan ake ɗurawa, ba tururin ba. Ka zuƙe injin tas, ka kashe shi, ka kifa tukunya a kan sikeli, ka ba shi a hankali."

Haka aka yi. Suka kwashe gas ɗin injinan huɗu suka tara a tukunyar ajiya guda, suka sake ɗura sabo a kife, kafin la'asar ɗakin dabino ya yi sanyi ƙalau. A wajen Muhandis magana ta ƙare. A wajen Issoufou kuwa yanzu ta fara.

"Muhandis, haɗin me da me?"

"Uku ne a ciki."

"To me ya sa tururin ba ya yi, sai ruwan? Ba daga ruwan tururin yake fitowa ba?"

"Haka masu shi suka rubuta. Ita ma waccan mai ruwan hoda da muke sa wa sababbin injina haɗi ce. Duk a kife. Khalas, ya Yusuf, akwai aiki."

A watannin zafi doka ta hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku. Sauran ma'aikata sukan shimfiɗa kwali a sito su ɗan runtsa, don sito ne wurin da mukayyif ke aiki dare da rana a kan digiri ashirin da biyar. A kusurwar siton ake jera tukwanen ajiya, masu gas ɗin da aka kwaso daga tsofaffin injina, suna jiran motar da za ta zo ta ɗauke su. Issoufou ya nemi izini ya ware uku, ya shafa wa kowace fenti da launin abin da ke cikinta: kore, ruwan ƙasa, ruwan hoda. Mai ruwan ƙasar ita ce wadda aka tara gas ɗin masu dabino a ciki, ke nan duk abin da ya rarrabu a injina huɗu ya sake haɗuwa wuri ɗaya.

Abin da ya riƙa yi ba shi da wuya. Da sha biyu ta yi sai ya haɗa agogo a kan kowace tukunya ya rubuta inda allura ta tsaya a jikin wani kwali. Sannan ya ja tururi kilo ɗaya daga kowace, a tsaye, ya mayar cikin wata fankon tukunya, don ba ya son sakin gas a iska. Ya bar su su huta har gobe.

Koriyar ba ta ba shi mamaki ba. Ɗari da talatin da bakwai yau, ɗari da talatin da bakwai gobe, ko tana cike ko ta kusa ƙarewa. Ya daɗe da sanin cewa zafin wuri kawai ke motsa allurarta. Mai ruwan ƙasa ta fara da ɗari da hamsin da takwas. Kashegari ta ɗan sauka. Jibi ta ƙara. Tun ana sauka da ɗai-ɗai har aka koma da huɗu da biyar, ran kwana na goma ta kusa ɗari da ashirin. Issoufou ya zauna a kan bokitin fenti yana kallon kwalin, can sai ya yi dariya shi kaɗai. Ashe abin da ke cikin tukunyar canzawa yake yi. Wani abu mai ƙarfi yana riga fita, yana barin mai sanyin jiki a baya. Injin farko ya kwashi masu ƙarfin, na huɗu ya samu saura. Wannan ya warware.

Sai dai layi na uku a jikin kwalin ya hana shi sakat. Mai ruwan hoda ta fara da ɗari biyu da ashirin da biyar, kuma a nan ta kafe. In ta motsa ma, bai wuce kaurin allura ba. Muhandis ya ce haɗi ce. In haɗi ce, me ya sa ba ta yi irin na 'yar'uwarta ba? In kuma ba haɗi ba ce, me ya sa masu ita suka ce haɗi ce?

Kwalin ya biyo shi har Shumaisi. Yana cin abinci yana kallonsa, har Oumarou ya gaji.

"Kai dai an ce ka kifa, ka kifa, sanyi ya zo. Me kuma ya rage?"

"Dalili ya rage."

"Dalilin zai ƙara wa dabino zaƙi?"

Issoufou ya mayar da ido kan kwalin. Oumarou ya suɗe hannu, sannan ya ce akwai wani bawan Allah da ke zama a kujerar gaba a bas ɗinsa, Malam Dalhatu, mutumin Zariya. Malamin jami'a ne a gida, ya zo neman digirin dakta, kuma an ce karatunsa duk a kan ruwaye ne da tafasa su. Mutum ne mai sauƙin kai, in ji Oumarou, ko da yake in ya fara bayani sai ka tuna masa an iso.

Azumi ya kama a cikin watan Yuli, aka rage lokacin aiki. Wata Laraba bayan azahar Issoufou ya sa wankakkiyar jallabiya, ya naɗe kwalinsa a leda, ya bi bas ɗin Oumarou. Malam Dalhatu ya tare shi a bakin ƙofa, gajere mai tabarau, ya sa hannu a littafin baƙi, mai gadi ya riƙe iƙamar Issoufou, suka shiga. Ɗakin gwaje-gwajen cike yake da kwalabe da bututan gilashi masu lanƙwasa. Issoufou ya haɗe hannuwansa a baya don kada ya taɓa abin da ba a ce ya taɓa ba.

Bayan sun gaisa, sun tambayi gida da azumi, ya warware kwalin a kan tebur. Malam Dalhatu ya gyara tabarau ya daɗe yana dubawa.

"Malam Issoufou, wa ya ce ka yi wannan?"

"Ba kowa, Malam. In shirme ne ka faɗa mini."

"Shirme? Ni shekara shida ina koyar da wannan a allo, ban taɓa ɗaga tukunyar gas ɗin nan ba." Ya ɗora yatsa a kan awon kwana na shida. "Nan me ya faru? Duk ukun sun yi tsalle."

"Ranar an bar ƙofar sito a buɗe ana sauke kaya."

Malam Dalhatu ya buɗe kwamfutarsa ya duba wani jadawali. "Koriyar ta ba ka ɗari da arba'in da tara. Ke nan ranar sitonku ya kai digiri ashirin da takwas." Ya yi murmushi. "Ka ga ta zame maka ma'aunin zafi ba ka sani ba."

Ya tabbatar masa da abin da ya gano game da mai ruwan ƙasa. Gas uku ne a ciki. Biyu suna tafasa tun a wajen digiri hamsin ƙasa da sifiri, na ukun sai an zo ashirin da shida ƙasa da sifiri. Masu saurin tafasar su suka fi yawa a tururi, don haka duk wanda ya ɗibi tururi ya ɗibe su, ya bar na ukun. Wanda ya kifa tukunya ya ɗibi ruwa kuwa ya ɗibi duka ukun yadda aka haɗa su.

"To mai ruwan hodar fa, Malam?"

"Zo ka gani. Da baki ba za ta shiga ba."

Ya buɗe wani kabad da makulli ya fito da kwalba. Issoufou ya shaƙi warin ya ja da baya.

"Malam, ba giya ba ce wannan? Ga azumi a bakinmu."

"Sifirit ne, ɗan'uwan wanda ake goge wurin allura da shi a asibiti. Ba sha za mu yi ba."

Ya auna awo hamsin na sifirit a wata doguwar kwalba mai zane-zane, ya auna hamsin na ruwa a wata, ya ce Issoufou ya duba da idonsa. Hamsin da hamsin. Sannan ya ce ya juye su a ta uku ya girgiza. Issoufou ya juye a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Tun kafin ya dubi zanen, tafin hannunsa ya ba shi labari.

"Malam, kwalbar ta yi ɗumi."

"Hannunka ya riga idonka. Yanzu duba."

Ruwan bai kai ɗari ba. Ya tsaya a casa'in da shida da 'yan kai. Issoufou ya duba tebur, ya duba ƙasa, ya ɗaga kwalaben biyu ya ga ko wani abu ya maƙale. Babu. Ya roƙa a sake, aka sake, amsa ɗaya.

"Ina sauran suka tafi?"

"Suna nan. In ka ɗora a sikeli, nauyin bai ragu ba."

Issoufou ya yi tunani. "Kamar a zuba tiyar gero a cikin tiyar gyaɗa? Geron ya shige tsakankani?"

"Rabin gaskiya ke nan. Amma akwai ruwayen da in ka haɗa su sai su haura ɗari, kwalbar kuma ta yi sanyi maimakon ɗumi. Gero da gyaɗa ba sa yin haka." Ya ce kowane ruwa tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna jan junansu. In ka haɗa ruwa biyu da ƙwayoyinsu ke jan baƙo daidai yadda suke jan nasu, lissafi yana fita cif, hamsin da hamsin ɗari. Amma ba kasafai ake samun haka ba. Yawanci jan yakan bambanta, sai awo ya canza, zafi ya canza, yadda suke tafasa ma ya canza.

Ya kai shi gaban wata doguwar na'urar gilashi mai tulu a ƙasa. A nan, in ji shi, ake raba sifirit da ruwa. A tafasa haɗin, tururin da ya tashi ya fi yawan sifirit, a sanyaya shi ya koma ruwa, a sake tafasawa, sifirit ya ƙara yawa.

"Kamar mai ruwan ƙasa," in ji Issoufou.

"Daidai. To in ka yi ta maimaitawa, me za ka samu a ƙarshe?"

"Zallan sifirit."

"Ba za ka samu ba. Ko ka shekara kana yi."

Ya ce ana hawa lafiya har a kai kashi casa'in da biyar da rabi cikin ɗari, daga nan sai abin ya tsaya cak. A daidai wannan haɗin, tururin da ke tashi da ruwan da ya rage iri ɗaya ne, ba wanda ya fi wani sifirit. Tafasawa ba ta ƙara raba komai. Abu biyu ne, amma a gaban wuta sai su yi halin abu ɗaya. Har ma suna riga zallan sifirit tafasa da ɗan ƙiris. Masu ilimin suna kiran irin wannan haɗi aziyotirof.

Issoufou ya gwada faɗar kalmar sau biyu, harshensa ya harɗe, suka yi dariya. Amma idonsa ya riga ya koma kan layi na uku a jikin kwali.

"Ke nan mai ruwan hoda…"

"Gas biyu ne, rabi da rabi, waɗannan masu saurin tafasar da ke cikin mai ruwan ƙasa. Ba ta cika aziyotirof ba, amma saura ƙiris. Bambancin tururinta da ruwanta bai kai agogonka ya gani sosai ba. Saboda ƙiris ɗin nan ne masu ita suka ce a kifa."

Issoufou ya nemi kujera ya zauna. Sai ya tuna wata tukunya mai ruwan shanshanbale da suke ɗura wa manyan firigon kifi a Maraɗi, lamba ɗari biyar da biyu. A tsaye suke ɗura ta shekara da shekaru, ba ta taɓa ba su matsala ba. Malam Dalhatu ya duba a kwamfuta ya ce wannan kam cikakkiya ce. Gas biyu ne, ɗaya ma koriyar tasa ce. Koriyar tana tafasa a wajen arba'in da ɗaya ƙasa da sifiri, ɗayan a talatin da tara, haɗinsu kuma a arba'in da biyar.

"Ba a tsakaninsu ba?"

"A ƙasa da su duka."

"Ikon Allah," in ji Issoufou. "Ashe duk shekarun nan abu biyu nake ɗurawa ina zaton ɗaya ne."

Har sun miƙe za su tafi sallar la'asar sai ya tsaya. Kwalbar da aka fito da ita daga kabad, ya ga lamba a jikinta, casa'in da tara da ɗigo tara. In wuta ba ta wuce casa'in da biyar da rabi, wannan daga ina? Malam Dalhatu ya ce tambayar da yake jira ɗalibansa su yi ke nan, ba sa yi. Hanyoyin suna da yawa, amma mafi sauƙi ita ce a bar wuta a nemi abin da zai shanye ruwan kaɗai. Ya ɗauko wani gwangwani ya zuba masa wasu 'yan ƙwallaye a tafin hannu, masu ruwan toka-toka, ba su kai ƙwayar dawa ba. Ya ce jikinsu duk ƙananan ramuka ne, ƙwayar ruwa tana shiga ta maƙale, ta sifirit kuma ta yi wa ramin girma.

Issoufou ya mirgina su da yatsa, ya kai kusa da ido.

"Malam, ai na san waɗannan."

"A ina?"

"A cikin diraya. Wata 'yar filta ce da muke sawa a layin gas don ta tsotse danshi. Na yanka ta fi ɗari da zarto. Kullum ina ganin 'yan duwatsun nan, na ɗauka yashi ne na tace datti."

Wannan karon Malam Dalhatu ne ya riƙe baki. Bai taɓa sanin abin da ke cikin gwangwaninsa yana cikin kowane firij da ke unguwarsu ba. Ya roƙi Issoufou ya kawo masa yankakkiya guda ya kai wa ɗalibai, ya kuma ɗauki hoton kwalin da wayarsa.

Daga wannan azumin suka ƙulla zumunci. Wata Juma'ar Malam Dalhatu ya zo Shumaisi, wata kuma Issoufou ya je, Oumarou yana tsakiya yana ƙorafin cewa shi ya jawo wa kansa. A warsha kuwa Issoufou ya zana kibiya da jan fenti a kan duk tukunyar da ake kifawa, saboda waɗanda ba sa karanta Turanci irinsa. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo, ɗan Bangaladash ne ko ɗan Sudan, sai ya zaunar da shi da guntun Larabcinsa ya gaya masa dalili, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Suka laƙaba masa Abu Maklub, wato mai kifawa. Muhandis Kamil da kansa, in wani inji ya rikice, yakan ce a kira Abu Maklub ya ɗora hannu.

Malam Dalhatu ya gama karatu a 2016 ya koma Zariya. Shekara guda bayan haka gwiwoyin Issoufou suka fara ƙin hawa tsani, sai aka dawo da shi cikin warsha, kan teburin gyaran manyan kwampiresoshi. Mariamou ta so ya tattara ya dawo gida hakanan, ya ce ta ƙara masa ɗan lokaci, babbar 'yarsu ta gama makarantar ungozoma tukuna.

A kan teburin nan ne wata safiya a 2019 aka kawo wani babban inji mai 'yar tagar gilashi a gefe, inda ake ganin man da ke ciki. Da aka kunna shi sai man ya taso da kumfa fari fat, kamar an kaɗa nono, ya jima sannan ya kwanta. A wani injin kuma da aka sauya wa gas ba a sauya mai ba, ya lura man da gas ɗin sun ƙi juna, kowanne ya ware. Ya goge hannu, ya ɗauki waya ya yi wa Malam Dalhatu saƙon murya mai tsawo, har da ƙarar injin a ciki.

Amsa ta zo bayan azahar, ana jin hayaniyar ɗalibai a bayanta. Malam Dalhatu ya ce kumfar ya san dalilinta: gas ne yake narkewa a cikin mai in inji na hutawa, da an kunna matsi ya sauka sai ya tafaso. Amma abin da ya sa wannan man yake karɓar wannan gas ya ƙi wancan, kuma a wane zafi suke rabuwa, gaskiya sai ya yi bincike, don ba ya son ya faɗa masa abin da bai tabbatar ba.

Issoufou ya saurara sau biyu, yana gyaɗa kai. Sannan ya danna ya ce, "To Malam, ka duba naka a can, ni ma zan duba nawa a nan. Masu injin ba za su zo ɗauka ba sai ran Lahadi."